LTP: Ƙaramin furotin da ke kare shuka daga fari da cuta, yake kuma ƙara yawan masara

Duk manomin da ya taɓa shafa karan dawa ya san farin garin nan da ke manne wa hannu. Haka abin yake a jikin rake. Wanda kuma ya lura da ganyen gwaza bayan an ɗauke ruwan sama zai ga yadda ɗigon ruwa ke gangarowa ba tare da ya jiƙa ganyen ba.

Wannan gari ba ƙura ba ce. Wani irin kaki ne mai maiƙo da shuka ke lulluɓe jikinta da shi, don kada rana da iska su tsotse ruwan da ke cikinta.

A cikin ƙwayoyin halittar ganye ake haɗa wannan maiƙo, amma a waje ake buƙatarsa. Tsakanin ciki da waje kuwa akwai bango mai danshi, kuma kowa ya san ruwa da mai ba sa haɗuwa. To wa ke taimaka wa maiƙon ya tsallake?

Binciken da aka shafe kusan shekara 50 ana yi ya nuna cewa cikin masu wannan aiki akwai wasu ƙananan furotin da ake kira masu dakon maiƙo, waɗanda masana ke taƙaita sunansu da LTP. A yau ƙwayoyin gadon da ke samar da su sun shiga sahun abubuwan da masu inganta iri ke sa wa ido, har ɗaya daga cikinsu ta kai ga ƙara buhu biyu na masara a kowace hekta a gwajin da aka yi a gonakin Afirka.

Daga dankalin turawa aka fara

A shekarar 1975 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Faransa, Jean-Claude Kader, ya ciro wani furotin daga dankalin turawa. Da ya gwada shi a ɗakin bincike, sai ya ga yana ɗaukar maiƙo daga wani tantani ya kai wani. Daga nan sunan ya samo asali.

Shekaru da dama masana sun ɗauka cewa aikinsa shi ne jigilar maiƙo a cikin ƙwayar halitta kawai. Sai a farkon shekarun 1990 bincike a kan karas da wata 'yar ciyawa mai suna Arabidopsis, wadda ake yawan gwaji da ita, ya nuna cewa akasarin waɗannan furotin na ɗauke da wata alama da ke sa a fitar da su waje, zuwa bangon ƙwayar halitta da fatar ganye. Wannan ya sauya alƙiblar binciken baki ɗaya.

Furotin ɗin ƙarami ne ƙwarai. Nau'insa na farko yana da tubalan amino asid kusan 90, na biyu kuma kusan 70, alhali furotin da yawa na da ɗaruruwa. An naɗe shi kamar ƙullin goro, da wani rami a tsakiya inda jelar maiƙo ke shiga ta ɓuya daga ruwa. Bayansa kuwa yana jituwa da ruwa, shi ya sa yake iya ratsa wuri mai danshi da kayan da ya ɗauko.

Akwai kuma wasu ɗauri guda 4 na sinadarin salfa da suka riƙe shi tamau. Su ne ke sa zafi ba ya saurin warware shi. Wannan taurin kai alheri ne ga shuka, amma kamar yadda za a gani a gaba, yana iya zama matsala ga wasu mutane.

Dangi ne mai yawa

Ƙwayar gado ita ce rubutaccen umarnin da ke cikin kowace halitta, wanda ke faɗa wa jiki irin furotin da zai haɗa, da lokacin da zai haɗa shi, da kuma wurin da zai kai shi. A batun LTP, shuka ba ta dogara da umarni ɗaya ba.

Wani bincike da masana a Faransa suka wallafa a 2008 ya ƙirga ƙwayoyin gado 52 na wannan dangi a shinkafa, da 49 a Arabidopsis, da kuma 156 da aka gano alamunsu a alkama. A 2014 wasu masana a China suka ƙirga 63 a masara. An kuma yi irin wannan ƙidaya a dawa da auduga da tumatir da sha'ir.

Kowace na da inda take aiki. Wata a ganye, wata a saiwa, wata a fure, wata kuma a cikin ƙwayar iri. Wasu a kwance suke har sai fari ko sanyi ko gishirin ƙasa ko wata cuta ta taɓa shukar, sannan su farka.

A 2011 masana a Jami'ar Linköping da ke Suwidin suka bi tarihin dangin. Sun same shi a duk rukunin tsirran da ke rayuwa a tudu da suka duba, har da ƙananan da ke shimfiɗa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, amma ba su same shi a gansakukar cikin ruwa ba. Wannan ya sa ake ganin LTP ya bayyana ne a zamanin da tsirrai suka fara zama a doron ƙasa, fiye da shekara miliyan 450 da suka wuce, lokacin da bushewa ta zama babbar barazana gare su.

Rigar da ke tare ƙishirwa

Shuka na shaƙar iska ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jikin ganye. Idan rana ta take, ƙasa ta bushe, sai ta rufe su don ta adana ruwa. Daga nan sauran ruwan da ke tsiyaya ta fatar ganye yake bi, kuma kaurin kakin da ke fatar da irin haɗinsa na cikin abubuwan da ke rage wannan asara.

Dawa misali ce mai kyau. Masana sun daɗe da lura cewa nau'in dawar da ba ta da wannan farin gari ta fi saurin rasa ruwa ta fatar ganyenta fiye da mai shi. Kakin na cikin dalilan da suka sa dawa ke jure yankin da masara ke shan wahala.

Hujjar da ta danganta LTP da kaki ta fito fili a 2009. Masana a Jami'ar British Columbia da ke Kanada suka rage aikin wata ƙwayar gado mai suna LTPG a Arabidopsis, sai kakin da ke fitowa a jikin karanta ya ragu. Wata tawaga a Koriya ta Kudu ta wallafa nata binciken a kan wannan ƙwayar gado a shekarar, inda ta ga shukar da ta rasa ta ta fi saurin kamuwa da wata cutar funfuna.

Kafin nan, a 2006, an ga cewa wani nau'in taba mai girma kamar bishiya yana ƙara kaki a ganyensa idan ya sha fari sau da yawa, kuma a daidai lokacin ƙwayoyin gadon LTP ɗinsa ke ƙara aiki. A shinkafa ma an gano wata mai suna OsDIL da fari ke tayarwa. Da aka ƙara ƙarfinta a 2013, shinkafar ta fi jure ƙarancin ruwa, har a lokacin fitar da fure, wanda shi ne lokacin da fari ya fi yi wa manomi ɓarna.

Garkuwa da kuma ɗan aike

Aikin LTP bai tsaya ga ruwa ba. A 1993 masana a birnin Madrid na Sifaniya suka ciro shi daga ganyen sha'ir da masara, suka nuna cewa yana hana wasu bakteriya da funfuna masu cutar da shuka girma. Ana ganin yana yin haka ne ta hanyar raunana fatar ƙwayar cutar har abin da ke cikinta ya riƙa yoyo. Saboda wannan aka sa dangin a jerin furotin ɗin kariya na tsirrai, aka ba shi lamba PR-14.

A 1995 masana a Beljiyam suka samo wani mai kama da LTP a cikin irin albasa, suka sa masa suna Ace-AMP1, wanda ya nuna ƙarfi sosai wajen kashe ƙwayoyin cuta. A 2006 masana a Indiya suka dasa ƙwayar gadonsa a shinkafa, kuma shinkafar ta ƙara juriya ga cututtukan funfuna da na bakteriya, har da cutar ƙonon ganye da ke cikin manyan abokan gabar manoman shinkafa a duniya. Wake ma, wanda Najeriya da Nijar ke kan gaba wajen nomansa a duniya, an gano LTP a cikin ƙwayarsa a wani bincike da aka yi a Birazil a 2001.

Wani abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne aikin aike. Idan cuta ta kama ganye ɗaya, shuka kan aika saƙo zuwa sauran ganyayen don su shirya. A 2002 mujallar Nature ta wallafa binciken da ya nuna cewa Arabidopsis ɗin da ta rasa wata ƙwayar gado mai suna DIR1 tana iya yaƙar cuta a ganyen da aka taɓa, amma ba ta iya gargaɗin sauran jikinta. DIR1 ɗan dangin LTP ne.

A tsirrai 'yan gidan su wake da gyaɗa kuwa, masana a Italiya sun nuna a 2009 cewa wani LTP mai suna MtN5 na da hannu wajen samar da ƙulle-ƙullen nan na saiwa, inda bakteriya masu amfani ke zama suna jawo sinadarin naitirojin daga iska. Waɗannan ƙulle-ƙulle ne sirrin da ya sa gonar da aka noma wake ke yi wa hatsin da ya biyo baya kyau.

Idan babu shi, babu garin fure

Inda binciken ya fi kusa da aljihun manomi shi ne wajen fure. Garin fure, wanda shi ne ɓangaren namiji a barbarar tsirrai, yana da wata riga mai tauri da ake haɗawa da maiƙo. Wasu ƙwayoyin halitta da ke kewaye da shi ne ke haɗa kayan rigar, LTP kuma na cikin masu isar da su.

A 2010 masana a birnin Shanghai na China suka rage aikin wata ƙwayar gado mai suna OsC6 a shinkafa, sai rigar garin furen ta lalace, ƙarfin barbara ya ragu. A 2017 masana a Jami'ar Adelaide da ke Ostireliya tare da kamfanin DuPont Pioneer suka gano cewa ƙwayar gadon alkama mai suna Ms1, wadda idan ta lalace alkama ba ta fitar da garin fure mai rai, ita ma 'yar wannan dangi ce.

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne abin murna a shukar da ta rasa mazakuta? Amsar tana wajen iri mai aure, wanda manoma ke kira haibirid.

Ana samar da irin wannan iri ne ta hanyar haɗa iyaye biyu daban, ɗaya a matsayin uwa ɗaya a matsayin uba. 'Ya'yan da aka samu kan fi iyayen ƙarfi da yawan amfani. Sharaɗin shi ne kada uwar ta yi wa kanta barbara. A alkama wannan na da wuya ƙwarai, domin namiji da mace a fure ɗaya suke zaune. Uwar da ba ta da garin fure ta warware wannan matsala, shi ya sa ake kallon Ms1 a matsayin mabuɗin samar da alkama mai aure mai sauƙin kuɗi.

Masarar da ta kai ga gonakin Afirka

A masara, furen namiji a saman kara yake, na mace kuma shi ne goyon da ke fitar da gemu. Don haka kamfanonin iri kan ɗauki ma'aikata su bi layin uwa ɗaya bayan ɗaya suna cire furen sama da hannu kafin ya zubar da gari. Aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Idan aka tsallake 'yan karare kaɗan, irin ya gurɓace, kuma manomin da ya saya da tsada ne zai kwana a ciki. Idan kuma aka fizge da ganye, yawan irin da za a girba ya ragu.

A 2017 masana na DuPont Pioneer suka bayyana sirrin wata masara da ba ta fitar da garin fure, mai ɗauke da ƙwayar gado Ms44. Sun gano cewa LTP ce, kuma tubali ɗaya tak ne ya sauya a cikin furotin ɗin. Wannan sauyi ya hana a yanke alamar da ke kansa yadda ya kamata, sai ya maƙale, ya dagula aikin ƙwayoyin halittar da ke ciyar da garin fure.

Abin da ya biyo baya shi ne ya ja hankalin masu harkar noma. Tun da shukar ba ta kashe ƙarfinta wajen haɗa garin fure, sai ta karkatar da abincin, musamman naitirojin, zuwa ga goyo. A gwajin da suka yi, amfanin ya ƙaru da kashi 4 zuwa 8.5 cikin 100 a ƙasar da ke da ƙarancin naitirojin, alhali a ƙasa mai wadataccen taki ƙarin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ma'ana, manomin da ba ya iya sayen isasshen taki shi ya fi cin moriya.

A kan haka aka kafa wani shiri na fasahar samar da iri don Afirka mai suna SPTA. Cikin masu haɗin gwiwar akwai cibiyar inganta masara da alkama ta duniya, CIMMYT, mai hedikwata a Meziko, da kamfanin Corteva, da hukumomin binciken noma na Kenya da Afirka ta Kudu, tare da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates.

Idan manomi ya shuka irin da aka samar ta wannan hanya, rabin kararen gonarsa ne ke fitar da garin fure, rabi ba sa fitarwa. Garin da rabin ke zubarwa ya isa ya wadatar da gonar duka, domin kara ɗaya na masara kan saki miliyoyin ƙwayoyi.

Sakamakon da aka wallafa a mujallar Communications Biology a 2022, bayan gwaji a Kenya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, ya nuna ƙarin kusan kilo 200 a kowace hekta. Buhu biyu ke nan mai cin kilo 100. Ga manomin da ke girbe kusan tan 2 a hekta, kamar yadda aka saba gani a ƙasashen kudu da Sahara, wannan ƙarin kashi 10 cikin 100 ne ba tare da ya ƙara ko da mudu ɗaya na taki ba.

Batun taki ba ƙarami ba ne a nahiyar. A taron da aka yi a Abuja a 2006, shugabannin Afirka sun yi alƙawarin ɗaga yawan takin da ake zubawa daga kilo 8 zuwa kilo 50 a hekta kafin 2015, burin da ƙasashe da dama ba su cim ma ba. Ga yankunan masara irin su Kaduna da kudancin Katsina da Neja, inda farashin buhun yuriya ke yanke wa manomi girman gonar da zai noma, duk irin da ke cin moriyar ɗan takin da ya samu abin dubawa ne.

Akwai kuma tambayar da ke tasowa a duk lokacin da aka ambaci ƙwayoyin gado, musamman bayan muhawarar da ta biyo bayan amincewa da waken SAMPEA 20-T a 2019 da masarar TELA a 2024 a Najeriya. Ms44 ƙwayar gadon masara ce da kanta. Sai dai wajen yawaita irin uwar, kamfani na amfani da wani layi na musamman da aka dasa wa ƙwayoyin gado daga waje. An tsara shi ta yadda garin furen da ke ɗauke da dashen ba ya aiki, kuma duk ƙwayar da ta gaje shi tana da alamar launi da na'ura ke tsincewa. Don haka irin da ke isa hannun manomi ba ya ɗauke da dashen.

Ɓangaren da likitoci ke sa wa ido

Taurin da ya sa LTP ke jure zafi shi ne kuma ya sa yake jure girki da ruwan narkar da abinci na cikin ciki. A jikin wasu mutane, garkuwar jiki kan ɗauke shi a matsayin abokin gaba, sai a samu borin jini da kumburin leɓe da ciwon ciki, wani lokaci har da toshewar numfashi mai barazana ga rai.

An fi sanin wannan matsala a ƙasashen gaɓar tekun Bahar Rum, musamman Sifaniya da Italiya, inda LTP ke kan gaba cikin abubuwan da ke jawo wa manya rashin jituwa da abincin da ya fito daga tsirrai. Wanda ya fi shahara shi ne Pru p 3, da ke cikin wani ɗan itace mai gashi-gashi a bawo da ake kira fich, kuma a bawon ya fi taruwa. Akwai danginsa a gyaɗa mai suna Ara h 9, da na masara Zea m 14, da na alkama Tri a 14, wanda ake dangantawa da cutar asma a tsakanin masu gasa burodi.

Saboda kamannin da ke tsakaninsu, wanda jikinsa ya ƙi ɗaya zai iya ƙin wasu. Likitoci sun kuma lura cewa motsa jiki ko shan barasa ko magungunan kashe zafi irin su asfirin da ibuprofen kusa da lokacin cin abincin na iya tsananta alamun. Akasarin mutane dai na cin waɗannan furotin kullum a tuwo da burodi da ƙuli-ƙuli ba tare da wata illa ba. Wanda ke ganin kumburi ko ƙaiƙayi ko sarƙewar numfashi bayan cin wani abinci, asibiti ya kamata ya nufa.

Wannan ne ya sa masu inganta iri ke taka-tsantsan. Ƙara yawan LTP a ganye ko fure daban yake da ƙara shi a ƙwayar da mutum zai ci, kuma duk sabon irin da aka dasa wa ƙwayar gado sai an tantance ko zai iya jawo borin jini kafin a sake shi. A Najeriya wannan tantancewa na hannun hukumar NBMA da aka kafa a 2015.

Tsakanin ɗakin bincike da gona

Yawancin sakamakon da aka samu a kan fari da cututtuka an same su ne a tukwane da ɗakunan gwaji. Gona kuwa tana haɗa zafi da fari da ƙwari da ƙarancin taki a lokaci guda. Yawan dangin ma wani cikas ne, domin idan aka kashe ƙwayar gado ɗaya, 'yar'uwarta kan rufe gurbin, sai a kasa gane ainihin aikinta.

Duk da haka, sanin inda kowace take a jikin shuka ya ba masu inganta iri alamomin da za su bi. Maimakon a jira shuka ta girma a ga ko za ta jure, ana iya gwada ɗan guntun ganye tun tana ƙarama a zaɓi masu ɗauke da nau'in da ake so. Hanya ce da ba ta buƙatar dasa komai daga waje, kuma irinta ce cibiyoyi kamar IITA ta Ibadan da ICRISAT ke amfani da ita wajen inganta masara da wake da dawa da gero.

Daga ciro furotin ɗin a dankali a 1975 zuwa wallafa sakamakon gonakin Afirka a 2022, shekara 47 aka ɗauka. Sauran aikin yana hannun kamfanonin iri da hukumomin da ke tantance shi, waɗanda su ne za su sa irin ya isa kasuwar ƙauye da tsabtarsa, a farashin da ƙaramin manomi zai iya biya.